Masu Jiran Depite

Bana ruwa ya yi nawa. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari sama fes kamar an share. Ina zaune gidan ɗana a Zango, kuma a birni jinkirin ruwa bai wuce ƙorafin zafi ba: yara su kwanta ƙarƙashin fanka, 'yan kabu-kabu su laɓe a inuwar shaguna, hatsi ya ɗan hau a kasuwa. Amma akwai wani shiru da kan sauka da tsakar rana in zafi ya kai maƙura, wanda ko tsuntsu ba ya motsi. In na ji shi sai in tuna shekarar da azumi ya faɗo a bakin damina, ruwa kuma ya ƙi zuwa, ina ƙaramar mace a gidan surukina a ƙasar Tirmini.

Surukin nan nawa kowa Depite yake ce masa, ni kuwa Baba nake cewa. Gab da ƙarshen mulkin Nasara aka ce kowace ƙasa ta zaɓi wanda zai je Yamai ya zauna majalisa ya yi magana da yawunta. Shi a lokacin fataucin fata yake yi tsakanin ƙauyuka da Zango. Ya tsinci Faransanci a bakin masu kanti, kuma babu ƙauyen da bai taɓa kwana ba. Aka tsai da shi, aka jefa masa ƙuri'a, ya tafi. Ya yi 'yan shekaru a can. Da siyasa ta juya ya dawo gida ya ɗauki hauya, bai sake ambaton Yamai ba. Abin da ya rage masa sunan ne, da wata kujerar ƙarfe mai naɗewa da ke jingine a zaure tana tsatsa.

Uwar mijina ta riga ta rasu. Maigidana ya tafi cin rani Kano tun da kaka, don abin da aka girbe bara bai kai ko'ina ba. Gidan ya rage mu uku: ni, da Baba, da goyona, ɗan fari.

Kafin a ga watan azumi na share gindin rumbu da tsintsiya. Iri kaɗai ya rage a cikin tulu, shi kuwa ba a taɓawa. Muka yi binne a busasshiyar ƙasa, Baba yana sara da sungumi, ni ina bin sa ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige, rairayi yana cin tafin ƙafata. An yi yayyafi sau ɗaya, wanda ya isa ya yaudari gero ya fito. Ya fito ɗin, ya yi kunne biyu, rana ta ƙone shi.

Daga nan muka koma ga anza. Da sassafe mata mu fita daji mu tsinko 'ya'yanta, mu ɓare, mu jiƙa. Ɗacinta ba ya fita sai an yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki, ga shi ruwan ne babu. Rijiyar gari sai ka zura guga ka jira ya tsatso, ka samu rabin ƙwarya mai laka. Da anzar muke sahur, da ita muke buɗe baki, wani lokaci da dafaffen ganyen jiga da ɗan gishiri. Bakina kullum ɗaci. Nonona ya ja baya, yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Ƙudaje kuwa ban taɓa ganin irin na shekarar ba, a idon kowa suke, babba da yaro, har mutane suka gaji da kora.

Kowa idonsa na kan babban gawon da ke tsakiyar gonarmu. Gawo ba ya zubar da ganye sai damina ta kama. Shi kuwa yana nan kore shar.

Sai mutanen arewa suka fara wucewa, da jakuna da tabarmi da tukwane, sun nufi kudu. Wasu sukan tsaya ƙofarmu su tambaya ko nan ne gidan Depite. Sun ji sunan, suna zaton zai iya yi wa gwamnati magana a kawo musu taimako. Baba yakan fito ya ce, “Bayin Allah, kujerar nan na bar ta tun kafin a haifi wasunku. Ni ma anza nake ci.” Su yi masa addu'a, su wuce. 

Wajen tsakiyar azumi na lura kujerar ƙarfen ba ta zaure. Kullum in rana ta take, lokacin da kowa ke neman inda zai kwanta, sai Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki kujerar ya nufi gona. Ba ya dawowa sai azahar. Tsakanina da shi akwai kunya, ban tambaya ba.

Wata rana na yi nisa wajen tsinkar anza, rana ta tsaya mini a daji. Na biyo ta gonarmu don in rage hanya. Daga nesa na hango shi ƙarƙashin gawo a kan kujera, ga mutane zaune a ƙasa gabansa sun yi layi. Na ɗauka kawalwalniya ce, don rairayi yana ta rawa da zafi. Da na matso na ga mutane ne sosai, maza a gaba, mata a baya. Ba jaki, ba kaya. Tufafinsu irin na dā ne, saƙi da baƙin rini da ya koɗe, irin wanda na sani a jikin kakata. Babu mai magana sai Baba, shi ma a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Ba ya yiwuwa in wuce manya ban gaishe su ba. Na sauke ƙwaryata na durƙusa na ce, “Sannunku da rana.”

Suka juyo gaba ɗaya. Yaron da ke bayana, wanda tun safe yake kuka, ya yi tsit. A nan na lura da wani abu. Ƙudaje na fuskata, suna fuskar Baba, suna kan ƙwaryar anza, amma ko ɗaya bai sauka a kan mutanen nan ba.

Wata tsohuwa a gefe, leɓunanta duk sun tsage, ta ce, “'Yar nan, da ruwa a ƙwaryar?”

Na ce, “Iya, anza ce. Kuma ai azumi ake.”

Ta ce, “Mu namu azumin ya daɗe.”

Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Dije, tafi gida.”

Na tafi. Ban waiwaya ba sai da na kai bakin gona. Da na waiwaya, shi kaɗai ne a kan kujerarsa, yana magana da inuwar gawo.

Da magariba na kai masa abin buɗe baki zaure. Na ajiye zan juya ya ce in zauna. Na zauna daga bakin ƙofa.

Ya ce, “Kin gan su?”

Na ce, “Na gan su, Baba.”

Ya yi ajiyar zuciya. “To alhamdu lillahi. Na zaci kaina ne ya taɓu.”

Sannan ya ba ni labari, karo na farko da na ji Yamai a bakinsa. Ya ce mutanen Garin Tanko ne, wani ƙauye a cikin kwari arewa da mu, tafiyar hantsi. Lokacin zaɓe babu wanda ya tsaya masa kamar su. Har tsofaffin da ba sa iya tafiya aka ɗora a jaki suka je suka jefa masa. Abu ɗaya suka roƙa. Rijiyarsu a rairayi take, kowace shekara sai ta rufta, suna so a ɗaure musu ita da siminti. Maigarinsu ya kama hannunsa ya ce, “Mun aike ka. In ka faɗa, ka dawo ka gaya mana abin da aka ce.”

“Na faɗa, Dije,” in ji Baba. “Na miƙe a gaban Nasara da baƙar fata na faɗa. Mai jan zaman ya dubi agogo ya ce za a duba. Aka shiga maganar harajin gyaɗa. Shi ke nan.”

Na ce, “To ai ka sauke nauyi, Baba.”

Ya ce, “Ban koma ba. Da wace fuska zan ce musu an ce za a duba? Na yi ta cewa sai na samo abin faɗa. Wata bazara rijiyar ta rufta da mutum a ciki, garin ya watse, waɗansu a hanya suka ƙare. Yanzu Kufan Tanko ake ce wa wurin.” Ya juya anzar da ke cikin akushi bai ci ba. “Ba faɗa suke yi mini ba. Da faɗa ne da ya fi sauƙi. Zama kawai suke yi, maigarin ya ce, ‘Depite, me aka ce?’”

Kashegari ya je wurin limamin garinmu. Liman ya ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba ya dawowa; ko dai mutanen ɓoye ne suka ari kamanninsu, ko kuwa yunwa da rana. Ya ba shi addu'o'i, ya ce ya bar zuwa gona da tsakar rana. Baba ya bi maganarsa, ya zauna gida. Ran nan da rana ta take ina tsakar gida ina sauya wa anza ruwa, yaron ya yi tsit. Na ɗaga kai. Ta ƙofar zaure na hango gefen wani baƙin zane, mai shi na zaune a ƙasa.

Da la'asar Baba ya fito da igiya da guga da dagi da wata tsohuwar shebur, ya ɗaura wa jaki. Ya ce gobe zai tafi Kufan Tanko ya tone rijiyar.

Na manta da kunya na ce, “Baba, da azumi a bakinka? Da wane ƙarfin? In wani abu ya same ka, ni da yaron nan wa muke da shi?”

Ya ce, “In na zauna, nan za su riƙa zuwa. Kin ga yau har zaure.”

Na ce, “To wa zai ja maka ƙasa in ka shiga rami?”

Babu mai ja masa. Mazan gari duk sun tafi neman abinci, saura tsofaffi. Na kwana ina tunanin zama ni kaɗai a gidan da suka riga suka san ƙofarsa. Da asuba na ɗaure sauran anzar da na wanke, na goya yaro na bi shi.

Kufan Tanko ba komai sai tudun tsofaffin bango da fasassun tukwane, da wata aduwa guda. Rijiyar ta zama ɗan kwarin da rairayi ya cike, amma ana ganin bakinta. Muka kafa 'yar bukka da rassan sabara. Daga fitowar alfijir Baba ya shiga tono, ni ina jan guga ina zubarwa, har rana ta yi zafi. Sai mu fake, mu koma da la'asar. Ruwan sha daga garinmu nake ɗaukowa a kan jaki, rabin tulu, in an samu. Igiya ta yanka mini tafin hannu har na riƙa naɗe shi da tsumma.

Kullum da tsakar rana suna zuwa. Ba na ganin zuwansu. Yaron zai yi shiru, in ɗaga ido in gan su ƙarƙashin aduwa a jere, suna kallon ramin. Ba su sake yi mini magana ba. Na koyi in sunkuyar da kai in yi ta salati har azahar.

Rairayin ba ya tsayawa. Abin da muka tone da safe, rabinsa ya zubo da yamma. Rannan gefe guda ya zube ya binne Baba har ƙugu, da ƙyar na jawo shi da igiya da taimakon jaki. Ya kwanta yana haki, na ce mu koma gida. Ya ce, “Haka ta riƙa yi musu kowace shekara.”

Allah ya kawo wasu maza biyu 'yan arewa, wa da ƙane, da iyalinsu. Dabbobinsu sun ƙare, suna tafiya kudu ba su san inda za su ba. Suka ga tsoho a rami, suka tambaya, wan ya ce in akwai ruwa a nan gara su tsaya su gwada da su mutu a hanya. Suka saro itatuwa aka riƙa jera su a jikin ramin ana cusa ciyawa a bayansu don rairayi ya tsaya. Matansu suka kama mini jan guga, muka haɗa tukunya ɗaya. Su ba su ga kowa ƙarƙashin aduwa ba. Sai dai matar ƙanen ta taɓa ce mini, “Inuwar can sanyinta ya yi yawa, ba na son ta.” Kuma ba wanda ya taɓa zama a wurin.

Ana cikin goman ƙarshe, wata rana da hantsi, gugan da na jawo ya yi nauyi. Na zuba ƙasar na ga ta yi duhu. Na damƙa, ta dunƙule a hannuna. Ƙanshinta ya bugi hancina, ƙanshin da na manta da shi, har yawu ya taru a bakina ina mai azumi. Mazan suka ce Baba ya fito su ƙarasa. Ya ƙi. Ya ci gaba da tono har rana ta take, sannan muka ji muryarsa daga ƙasa yana cewa a zuro ƙwarya.

Da aka jawo shi, laka har gwiwa, riƙe yake da ƙwarya rabi da ruwa ja. Bai dubi kowa ba. Ya ce in miƙo masa farar rigarsa. Ya sa ta a kan lakar, ya ɗauki ƙwaryar ya nufi aduwa yana tangaɗi. Suna nan a jere. Ya tsaya gabansu ya miƙe sosai, yadda ban taɓa ganin ya miƙe ba, ya yi magana da Faransanci da wata murya mai ƙarfi wadda ban san yana da ita ba. Ina jin abin da ya faɗa a majalisa ne ya maimaita musu, don su ji da kunnensu cewa ya faɗa. Sannan ya koma Hausa.

Ya ce, “Maigari, jama'ar Garin Tanko, kun aike ni. Na faɗa, aka ce za a duba. Ba a duba ba. Abin da aka ce ke nan. Na yi jinkirin kawo muku. Siminti ban samu ba. Ga ruwa.”

Ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

'Yan arewan nan suna tsaye suna kallon tsoho yana yi wa itace jawabi. Ni kuwa na ga tsohuwar nan mai tsagaggun leɓuna ta miƙo hannu. Ban iya ci gaba da kallo ba, na rufe fuskata da gefen zane. Sai na ji yaron ya fasa kuka a bayana. Da na buɗe ido babu kowa, sai Baba a durƙushe. Na je ɗauko ƙwaryar na tarar ba ko ɗigo a cikinta. Wan cikin 'yan arewan ya ce rana ce ta shanye, ko kuwa ƙwaryar na yoyo. Na duba ƙasan wurin, a bushe yake.

Da magariba muka buɗe baki da ruwan rijiyar, bayan ya kwanta. Baba ya sha ya ce, “Ashe daɗi gare shi.” A kan jaki muka mai da shi gida, don ƙafafunsa sun kumbura. Bai sake tashi ba. Ya ga Sallah a kwance, bayanta da kaɗan ya cika, da hantsi, yana cikin hankalinsa. Maigidana bai iso ba sai bayan an yi sadakar bakwai, ɗauke da rabin buhun garin rogo.

Ruwa ya zo daga baya, a makare, bai kuma yi yawa ba. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage, muka girbi abin da bai kai mu sanyi ba. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Amma 'yan arewan nan ba su tafi ba. Suka zauna bakin rijiyar, masu wucewa suka riƙa tsayawa suna sha, waɗansu suka kafa bukka. Ni ban faɗa wa kowa abin da na gani ba, ko maigidana. Na ce dai Baba ya yi sadaka da ƙarfinsa.

Ban sake taka wurin ba sai da na yi furfura, da aka gayyace ni suna a can. Na tarar da gari sosai, har da makarantar lakwal da masallacin bulo. Rijiyar an ɗaure ta da siminti, ban san wanda ya yi ba. Waɗanda muka yi aikin tare duk sun rasu, jikokinsu ba su san ni ba.

Da rana ta take na so in yi alwala da ruwanta. Na ari guga a gidan sunan na nufi rijiya. Ba kowa a bakinta, sai tuluna da bokitai a jere an bar su. Wata matashiya mai goyo ta biyo ni da sauri ta kama igiyar.

Ta ce, “Inna, yi haƙuri, ba ma ja yanzu. Sai an yi azahar.”

Na ce, “Saboda me, 'yata?”

Ta ce, “Haka muka taras. Lokacin masu ita ne.”

Na ce, “Su wa ke nan?”

Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta ja ni muka koma inuwar wani zaure muka zauna, ɗanta yana ta ƙananan koke-koke tana jijjiga shi. Can sai ya yi tsit. Daga inda muke ina ganin bakin rijiyar sarai, babu kowa. Na ji guga ya faɗa ruwa.